Fanni guda ko fannoni da dama: wace hanya ce ta fi wa sabon marubucin Hausa?

Tun bayan da gwamnatin tarayyar Najeriya ta kafa Jami'ar Fasaha a garin Babura a shekarar 2021, yankin arewa maso yammacin jihar Jigawa ya ƙara zama matattarar matasa masu ilmin zamani.

Dama can akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, da kuma cibiyar koyar da ilmin kwamfuta da aka buɗe a garin a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki.

Daga cikin matasan da ke karatu a waɗannan makarantu, da takwarorinsu na Roni da Gwiwa, akwai masu sha'awar rubutu da harshen Hausa. Wani ƙagaggen labari yake so ya rubuta, wani sharhin siyasa, wani kuma bayanin abin da ya koya a aji.

Tambayar da sukan fara cin karo da ita ita ce: shin mutum ya zaɓi fanni guda ya tsaya a kai har a san shi da shi, ko kuwa ya riƙa taɓa duk abin da ya zo masa a rai?

Masu ra'ayin farko kan kafa hujja da cewa taura biyu ba ta taunuwa. Masu ra'ayi na biyu kuma su ce sana'a goma maganin mai gasa. Karin magana dai ba za ta raba wannan gardama ba, amma tarihin rubutun Hausa yana da abin cewa a kai.

Darasin gyaɗa

Manomin Babura ya daɗe da sanin hatsarin dogaro da abu guda. Ƙasar yankin jigawa ce, daminar kuma gajeriya, shi ya sa a gona ɗaya za ka tarar da gero da dawa da wake, ta yadda idan damina ta yi gardama wani ya ƙi, wani zai yi.

An taɓa kauce wa wannan tsari. Bayan da jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano a 1912, noman gyaɗa ya mamaye lardin, wanda a lokacin ya haɗa da Babura da Kazaure, har dalar gyaɗa ta zama abin alfaharin Arewa.

Sai fari ya zo a tsakanin 1972 da 1974. A 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta lalata kimanin kadada 700,000 a arewacin Najeriya. Cikin 'yan shekaru dalar ta zama labari, kuma wanda ya fi jin jiki shi ne wanda ya mayar da gonarsa kacokan ta gyaɗa.

Sai dai akwai inda marubuci ya bambanta da manomi. Mai sayen gero a kasuwa ba ruwansa da ko wane ne ya noma shi, ko me kuma ya shuka a gefensa. Mai karatu kuwa suna yake saye. Idan ya miƙa kuɗinsa ko ya ba da lokacinsa, yana yin haka ne domin ya san abin da sunan ya saba kawo masa.

Adabin Kasuwar Kano

Babu inda aka ga ƙarfin tsayawa kan fanni guda kamar a harkar littattafan soyayya da ta ɓarke a Kano daga tsakiyar shekarun 1980.

A lokacin tattalin arzikin ƙasar ya shiga wani hali, manyan kamfanonin ɗab'i sun ja baya, sai matasa suka fara buga littattafansu da kansu a ƙananan maɗaba'u. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo baya da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kuma da Allura Cikin Ruwa.

Littattafan ƙanana ne, masu araha, ana fitar da su kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku. Daga shagunan Kano ake jigilarsu zuwa kasuwannin garuruwa, har su tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram. Wanda ba shi da kuɗin saye yana iya karɓar haya. Akasarin masu karatun kuwa matan aure ne da 'yan mata 'yan makaranta.

Abin lura shi ne yadda cinikin ke gudana. Matar da ke cikin gida ba ta zuwa shago ta duba littafi shafi-shafi. Yaro take aikawa da sunan marubuciya. Dillali ma ba ya karanta duk abin da yake sayarwa; ya dai san cewa wance idan ta fitar da sabo ba ya kwana. Sunan ya zama alkawari: auren dole, zaman kishi, ilmin 'ya mace, sakin wulaƙanci. Marubuciyar da ta tsaya kan waɗannan ba ta bukatar talla.

Haka abin yake ga waɗanda suka zaɓi wani lungu daban. An san Abdulaziz Sani Madakin Gini da labaran yaƙi da jarumta, kuma mai neman irin wannan ya san sunan da zai ambata a shago.

Ribar tsayawa wuri guda ba ta tsaya ga ciniki ba. Wanda ya yi shekara goma yana rubutu kan zaman gidan miji yakan ga abin da ɗan leƙe ba zai gani ba. Zurfin da Balaraba Ramat ta yi a wannan fage ne ya sa Alhaki Kuykuyo Ne ya tsallake zamaninsa, har Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya ya buga shi a 2012.

To amma inda aka ga riba, nan masu koyi ke tururuwa. Kasuwar ta cika da labarai masu kama da juna, har Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa harkar sunan Adabin Kasuwar Kano, sunan da ya jawo doguwar muhawara a jaridu tsakaninsa da masu kare marubutan, ciki har da Abdalla Uba Adamu.

Bayan haka finafinan bidiyo suka janye wani ɓangare na masu karatu da ma na marubutan. A 2007 kuma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ta hannun shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan da aka tattaro daga makarantun 'yan mata bisa zargin suna ɓata tarbiyya. A shekarar da ta biyo baya Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista a kuma duba rubutunsu, lamarin da ya haddasa takaddama tsakaninta da ƙungiyoyin marubuta.

A irin wannan yanayi ba a cika bambance mai kyau da maras kyau ba. Duk wanda aka sani da soyayya kaɗai ya shiga sahu ɗaya, kamar yadda darɓa ba ta tambayi ko gonar wa ta faɗa wa ba.

Mazubi daban, marubuci daban

Wani misali daga wannan zamani yana nuna cewa watakila tun farko ba a ɗora tambayar daidai ba.

A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim. Ba ita ce ta farko ba, domin Tauraruwa ta riga ta, kuma wasu da dama sun biyo bayanta. Akasarinsu sun mutu cikin 'yan shekaru, ita kuwa ta yi tsawon rai, har ta zama taskar da masu nazarin finafinan Hausa ke komawa gare ta.

Mujallar ba ta bar fagenta ba, ko a lokacin da aka dakatar da shirya finafinai a Kano na tsawon watanni daga ƙarshen 2007. Hasali ma rikicin kansa ya zama labarin da take kawowa.

Amma shi mai mujallar bai ɗaure kansa da fim ba. Ɗan jarida ne da ya yi aikin edita a jaridun Turanci, ya rubuta ƙagaggen labari mai suna 'Yartsana, ya kuma jagoranci rubuta tarihin Mamman Shata da aka buga a 2006. Kowane aiki ya ba shi nasa mazubin.

A nan ne bakin zaren yake. Abin da mai karatu ba ya so shi ne ya buɗe tukunyar da ya san ta tuwo ce ya tarar da fura. Ba ya ƙin a ce mai gidan yana da tukwane da yawa.

Ko a Ingila an ga haka. Agatha Christie, wadda duniya ta sani da labaran binciken kisan kai, da ta so rubuta labaran soyayya da zamantakewa sai ta fitar da guda shida da wani suna, Mary Westmacott, domin kada ta rikita masu karatunta.

Abin da magabata suka yi

Masu ganin cewa faɗaɗawa rashin alƙibla ce, za su sha wuya wajen bayyana malaman jihadin Sakkwato.

Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta tafsiri, wato Liya'ut Ta'awili, ya yi rubutu kan nahawu da sarfu, ya rubuta Liya'ul Hukkami kan tsarin mulki da shari'a lokacin da ya sauka a Kano mutanen garin suka roƙe shi, ya kuma bar waƙoƙi da tarihin jihadin a Tazyinul Waraƙati. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri kan tarihi a 1812, ya kuma yi rubuce-rubuce kan magani da siyasa. Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, daga marsiyya zuwa wa'azi zuwa karantar da mata ta hanyar 'yan taru.

Sai dai abubuwa biyu sun bambanta su da mai tsalle daga reshe zuwa reshe. Na farko, ba su taɓa wani fanni ba sai da suka durƙusa a gaban malamansa suka sauke littattafansa. Na biyu, kowane littafi da abin da ya sa gaba, kuma tun daga sunansa da gabatarwarsa ake shaida wa mai karatu inda aka dosa. Manufar ce guda: gyaran al'ummar da ke gabansu.

A zamanin boko ma haka Abubakar Imam ya yi. Ya fara da ƙagaggen labari, Ruwan Bagaja, wanda ya shiga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Ya biyo da Magana Jari Ce. A watan Janairun 1939 ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, inda ya yi ta bayanin Yaƙin Duniya na Biyu ga mutanen da ba su taɓa ganin teku ba. Ya rubuta labarin tafiyarsa Ingila ta 1943 a Tafiya Mabuɗin Ilmi, ya yi aiki tare da Rupert East kan littattafan Ikon Allah masu bayanin halittu, ya kuma yi rubutu kan tarihin Musulunci.

Idan aka duba da idon fanni, Imam ya warwatsu. Idan aka duba da idon mai karatu kuwa, mutum ɗaya yake yi wa magana tun daga farko har ƙarshe: Bahaushen da ya koyi karatun boko yake son sanin duniya da harshensa.

Ko a fagen kiɗa, wanda ya girmi rubutun boko nesa ba kusa ba, akwai hanyoyin biyu. Akwai makaɗan sana'a da suka gaji rukuni guda: na maƙera, na manoma, na 'yan dambe irin su Ɗan Anace, na fada irin su Narambaɗa. Mamman Shata kuwa ya ɗauki kalangu, wanda aka fi sani da mahauta, ya yi wa sarki da direba da ɗan kasuwa da soja. Babu mai cewa Narambaɗa ya yi kuskure, babu kuma mai cewa Shata ya ɓata hanya.

Girman kasuwa

Akwai wani lissafi da ba a cika kawowa cikin wannan muhawara ba.

A littafinsa na 1776 kan arzikin ƙasashe, masanin tattalin arziki Adam Smith ya kawo misalin wata masana'antar allura inda mutum goma, kowa da ɗan aikin da ya ƙware a kai, ke ƙera 48,000 a rana. Amma ya ƙara da cewa girman kasuwa ne ke iyakance irin wannan rabon aiki. A babban birni mutum na iya rayuwa da sana'a ƙwaya ɗaya. A ƙauye dole mai gyaran keke ya iya gyaran fitila.

Masu jin Hausa miliyoyi ne masu yawa, amma masu sayen abin karantawa ba su kai haka ba, kuma rediyo ne ya daɗe yana riƙe da kunnen jama'a. Don haka marubucin da ya matse fanninsa ƙwarai, a ce gyaran injin ban-ruwa kawai, yana iya wayar gari ya faɗi duk abin da zai faɗa cikin wata shida, masu bibiyarsa kuma ba su cika aji ɗaya ba. Wanda ya ce fanninsa noman rani ne, da injinsa da irinsa da takinsa da kasuwarsa, yana da abin faɗa na shekaru.

Ke nan ba tsayawa ko rashin tsayawa ne kaɗai abin dubawa ba, har da faɗin filin da aka kewaye.

Wanda kuma filin ya yi masa kaɗan yana iya sauyawa, muddin zai biya kuɗin shiga. Abdalla Uba Adamu ya zama farfesan koyar da kimiyya a Jami'ar Bayero a 1997. Sha'awar littattafai da finafinan Hausa ta ja shi, bai tsaya ga sharhin gefe ba, ya shiga fagen gadan-gadan har ya sake zama farfesa a fannin sadarwa da al'adu a 2012. Shekara goma sha biyar ke tsakani.

Inda kuskure ke da tsada

A ƙagaggen labari ko sharhin wasanni, idan marubuci ya shiga gonar da ba tasa ba, iyakaci a yi masa dariya. Akwai fannonin da abin ya wuce nan.

A watan Agustan 2014, lokacin da cutar Ebola ta shigo Najeriya, wani saƙo ya bazu ta wayoyin salula cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum daga cutar. Kafin hukumomi su ƙaryata, an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, an kuma kwantar da wasu a asibiti. Wasu daga masu yaɗa saƙon mutane ne da ake ganin girman ilminsu, sai dai ba a fannin lafiya ba.

Wannan shi ne babban hatsarin marubucin komai-da-ruwanka. Amanar da ya samu saboda ya iya sharhin siyasa takan bi shi idan ya koma maganar magani ko fatawa, alhali saninsa bai bi shi ba. Mai karatu a Gwiwa ko Roni, wanda likita ya yi masa nisa, yana iya aiki da abin da ya karanta a daren nan.

Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe suna kawo ruwayar cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. A ganin wannan marubuci, a lafiya da addini da shari'a babu wata muhawara: wanda bai karanta ba ya bar wa masu shi, ko kuma ya je ya tambaye su ya ambaci sunansu.

Filin da ba a nome ba

Idan aka dawo yankin Babura da Kazaure, abin mamaki shi ne fannonin da matasa ke rububi a kansu, siyasa da soyayya da labarin 'yan fim, su ne waɗanda suka riga suka cika. Waɗanda ke bakin ƙofarsu kuwa kusan babu kowa a ciki.

Jigawa na sahun gaba a noman riɗi da zoɓo a Najeriya, kuma akasarin abin da ake nomawa ƙasashen waje ake kai shi. Amma da wuya manomi ya sami rubutaccen bayani da Hausa kan yadda ake tsayar da farashi, ko dalilin da ya sa ake mayar da kaya saboda ragowar maganin ƙwari, ko yadda zai adana amfaninsa ba tare da zuba guba a buhu ba. Haka batun cututtukan dabbobi, da famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, da canjin naira da sefa wanda duk mai ciniki da mutanen Magarya ke fama da shi. Ɗalibin da ke karanta aikin injiniya ko kimiyya a Babura ya fi kowa dacewa da wannan aiki, domin ya san littafin, ya kuma san gonar.

Ba za a ce irin wannan fanni ba shi da nasa farin ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai a Disambar 2020. An sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Sau biyu ke nan cikin shekara biyar kasuwancin yankin ya tsaya cik.

Sai dai a waɗannan watanni, da ɗan kasuwa ya rasa abin saye da sayarwa, tambayoyinsa ƙaruwa suka yi: wace doka ce ta hana, wane kaya ne ya halatta, me ya sa sefa ta tashi, yaushe za a buɗe. Akasarin amsoshin da ya samu daga tashar mota da bakin direbobi suka fito.